Wa Ya Yanka Akuyar?

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne maigidana Iliya, ana gab da Kirsimeti. Ban yi makaranta ba. Jikata ce ke riƙe da biro ina faɗa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana, ko da kuka ya shiga cikinta.

Kafinta ne a Yelwa, tun kafin unguwar ta cika da ɗalibai da ɗakunan haya. Ba wanda ya naɗa shi mai bishara, bai kuma taɓa riƙe lasifika ba. A kan benci yake wa'azinsa, a ƙofar shago, yana goge katako. Idan ba ka tambaye shi ba, hirar damina za ku yi har ka tashi. Idan ka tambaye shi, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya gaya maka abin da ya sani game da Yesu. Wanda bai sani ba, ya ce bai sani ba. Yakan ce shuka kawai aka aiko shi ya yi, ruwan sama ba a hannunsa yake ba.

Yana da wata al'ada. Kowace Kirsimeti ba ya yanka akuyarmu da kansa. Janta yake zuwa ƙofar maƙwabcinmu Malam Sale tela, ya yanka mana irin yankan Musulmi, don kwanon da zan aika gidajen layinmu ya ciwu. Su ma da Babbar Sallah cinyar rago ce ke shigowa gidanmu. Na taɓa yi masa mita: namiji da wuƙarsa a gida yana yawo da akuya? Ya yi dariya ya ce, "Maman yara, wanda ba zai iya cin abincinki da kwanciyar rai ba, yaya zai saurari maganarki?"

Malam Sale bai bar addininsa ba, Iliya kuma bai taɓa fushi da haka ba. Sun tsufa tare a bencin nan suna gardama a kan Annabi Isa, in an kira salla ɗaya ya tashi, ɗaya ya tsare masa wuri. A duk shekarun nan ba a taɓa tsayar da kwanona a ƙofa aka tambayi wa ya yanka ba.

Wanda ya karɓi bisharar a bencin shi ne Bulus. Magidanci ne daga wajen Zungur, burkutu ya cinye masa gona da aure. Iliya ya sha ɗauko shi daga bakin kwata. Ya koya masa riƙe zarto, ya jure zaginsa, bai taɓa ce masa ya zo coci ba sai da shi ya nema da bakinsa. Da ruwa da tuwon gidana aka dafa wannan dutsen. Ranar da aka yi masa baftisma, maigidana ya yi kuka kamar yaro. Yau Bulus dattijo ne a ikilisiyarmu, Mama yake kirana.

Bayan rasuwar Iliya ban yar da al'adar ba. Da hannun Malam Sale ya fara rawa saboda tsufa, sai ɗana ya riƙa kai akuyar mahauta. Kirsimetin bara waccan aiki ya riƙe shi a Jos, ni kuma gwiwa da ido sun gaza. Na kira Bulus na damƙa masa igiyar, na ce ya kai ta mahauta. Ya dawo da nama ya ce, "An gama, Mama." Na dafa shinkafa, na rarraba kwanuka, aka ci aka sa mini albarka.

Ranar sujadar Sabuwar Shekara, lokacin ba da shaida, Bulus ya miƙe. Ina zaune cikin zumuntar mata na ji shi da kunnena. Ya ce shi ya yanka akuyar a bayan gidansa, duk layinmu sun ci ba su sani ba, ga shi ba abin da ya same su. Ya ce ya ƙarasa aikin da Baba Iliya ya ji tsoron ƙarasawa. Wasu suka tafa. Wasu suka sunkuyar da kai.

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo ta shiga kowane gida.

Na aika a kira Bulus, ya zo. Bai ko zauna ba ya ce, "Mama, zamani ya canza. Shekara nawa Baba yana lallaɓa mutanen nan da nama? Wa ya tuba?"

Na ce, "Kai fa, Bulus? Da wayo aka kawo ka?"

Ya duba agogo ya ce yana da taron dattawa. Fasto ya yi masa faɗa daga baya, na ji labari, amma har yau bai taka ƙofar kowa ya ba da haƙuri ba. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Nakan tambayi kaina abin da Iliya zai ce da yana nan. Ya ga tashin hankali a garin nan da idonsa, ya san abin da ke sa samarinmu zafin rai, ba zai raina tsoronsu ba. Amma na san ba zai yarda a sa ƙarya a cikin kwano a kira ta bishara ba. Abin da ya fi ci mini rai, da hannuna aka yi. Ni na dafa, ni na rufe kwanukan, sunan mijina aka ɗora a kai.

Na dogara sanda na je gidan Malam Sale na durƙusa. Ya ce, "Tashi, Maman yara. Wanda aka ciyar bai sani ba, ba shi da laifi wurin Allah. Iliya bai taɓa yi mini ƙarya ba, ke ma ban ɗora miki ba." Ya yafe, amma ba shi kaɗai ne a layin ba.

Bara na sa aka kai ni mahauta a keke, aka yanka ina tsaye. Wasu gidajen suka dawo mini da kwanon ba a ko buɗe ba. Na Malam Sale ni na kai da kaina. Matarsa Hajiya Hauwa, wadda ta karɓi haihuwar 'ya'yana, ta tsaya a zaure ba ta miƙo hannu ba. Ta kawar da ido ta ce, "Yaya, kada ki ji haushi. Wa ya yanka?"

Na gaya mata. Ta karɓa, ba ta nemi in rantse ba.

Na yi kuka a hanyar dawowa. Shagon Iliya ya zama wurin cajin waya, bencin ya ruɓe, Bulus da Iliya ya fi shan wahala a kansa ya zubar da abin da marigayin ya tara. Abin da ya rage wa Iliya shi ne wannan: an fara tambayata, amma in na amsa ana yarda. Ba guzuri mai yawa ba ne, da shi zan ƙarasa. Akuyar bana tana ɗaure a tsakar gida, igiyarta kuma ba zan sake damƙa wa kowa ba.