Saƙon da Bai Haye Kogi Ba

A ƙauyenmu, gabas da Kunci, idan an gama cirar gyaɗa, Iya Dije, kakata ta wajen uba, takan hura wutar kara a tsakar gida bayan magariba. Mu jikoki sai mu kewaye ta, kowa da ƙwaryarsa muna ɓare gyaɗa, wadda ke tafiya baki ta fi wadda ke shiga ƙwarya. Ba ta buɗe baki sai ta ga hannuwa na aiki.

"Ga ta nan, daga nesa ta taso," in ji ta. Mu ce, "Ta ƙaraso mu ji ta."

Akwai wata tatsuniya da ba na so, ita kuwa tana yawan kawo ta. Wai wata mata ce mai 'ya'ya makafi, za ta aike su da saƙo wurin ƙanwarta a hayin kogi. Sai ta riga su fita ta gyara musu hanya: inda za su bi ta barbaɗa daddawa, inda akwai rami ko ƙaya ta ƙona tsumma. Ta ce, "Ƙamshi ya kira ku, ƙauri ya kore ku." Duk suka haye sai ɗaya, wanda mura ta toshe wa hanci. Ya iso bakin ruwa bai ji komai ba, ya juya yana bin gaɓa, saƙon na hannunsa.

"Iya, wa ya je ya ɗauko shi?" na tambaye ta.

"Wa zai je, Rakiya? Ruwan sama ya wanke daddawar. Miƙo min ƙwaryarki."

Iya ta rasu kafin aurena. Hauwa'u ce ta uku a 'ya'yana. Sa'o'inta suka zauna, suka yi rarrafe, ita ko wuyanta bai tsaya ba, ga wata fizga da ke kama ta duk sanda ta farka. An yi tofi, an sha rubutu. Daga baya mahaifinta, Malam Sani, ya sa mu a motar Ɗanbatta zuwa Kano, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta.

Likitar mace ce, mai magana a hankali. Ta ce ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, da gadar jijiyoyi a tsakani. Tun ɗa yana ciki, kowace jijiya takan miƙe kamar yaɗon kabewa, kanta na lalube. Jiki kuwa yana zuba wasu sinadarai a hanya, waɗansu su jawo ta, waɗansu su ture ta, har ta isa inda aka nufe ta. Jijiyoyin Hauwa'u sun zo tsakiya ba su haye ba, suka kwanta a gefe. Ta ce akwai yaran da ke tashi da haka kusan lafiya lau, amma nata ya haɗu da wasu larurorin.

"Likita, in ta sha magani za su ƙarasa?" in ji Malam Sani.

"Maganin na fizgar ne, Malam. Gadar nan sau ɗaya ake gina ta, kafin haihuwa."

Na ce, "Ko wani abu na ci?"

"Ba laifinki ba ne, Maman Hauwa'u."

A mota muna dawowa muryar Iya ta faɗo min, na rufe fuska da mayafi har muka sauka.

Muna yara mun ɗauka darasin tatsuniyar shi ne a ji maganar uwa. Yanzu na ga yaron bai saɓa ba, uwar ma ba ta yi sakaci ba. Iya ta binne 'ya'ya kafin ta samu mahaifina ya tsaya. Ina jin so take mu san da wuri cewa ana yin komai daidai abu ya ƙi, kuma babu wanda za a kama.

Hauwa'u ta kai shekarun makaranta, ba ta taɓa ce min Inna ba. Na san ƙaddara ce, ina kuma faɗin alhamdulillahi in an tambaye ni jikinta. Goya ta nake zuwa gona, ƙafafunta na dukan cinyoyina. Bayana ya fara ciwo, ita kuwa nauyi take ƙarawa, kuma ban san bayan wa za ta hau ba ranar da nawa ya gaza.