Hannun da na riƙe a kasuwar Gwaram

Da aka sallame ni daga soja bayan yaƙi, na dawo Birnin Kudu da akwatin ƙarfe da kunnen hagu da ba ya ji. Mutane suka yi ta zuwa yi min barka da dawowa, ina amsawa. In an kawo abinci in ci, in ba a kawo ba ba na tambaya. Da damina na je gonarmu ta Wurno, na tsaya a bakin kunya ina kallon dawa, na juyo gida ban taɓa fartanya ba. Ba ciwo nake yi ba. Abin nan dai da yake sa mutum murna ko haushi, shi ne na nema a jikina na rasa.

Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, yana da kanti a bakin titi kusa da tasha. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa ƙasa, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kaya sun cika gari. Kantinsa har ƙofa: madarar gwangwani, sukari mai iyali, batir, tocila, sabulu mai ƙamshi, turare, atamfa da shadda, har da rediyo. Wata safiya ya same ni a zaure ya ce, "Zaman nan ba zai yi ba. Ka taho kanti. Ba sai ka yi ciniki ba, ido kawai nake so. Ni kaɗai ba na iya ciniki da tsaro lokaci guda."

Na ce to. Da ya ce in bi shi haƙar rijiya ma to ɗin zan ce.

Ya ajiye min benci a bakin ƙofa daga ciki, inda nake ganin kantin gaba ɗaya. Abin da ya fara gaya min shi ne in daina kallon fuskar mutane. "Fuska ba ta ɗaukar kaya," in ji shi. "Hannu za ka kalla. Duk wanda ya shigo ka gaishe shi, ya san an gan shi. Daga nan ka bar fuskarsa ka koma hannu."

Aikin ya dace da ni, don ba na hira, ba abin da yake ɗauke min hankali. Kafin a girbe dawa na san yawancin hanyoyin. Akwai mai babbar riga da zai jingina da kanta, ya saki hannun rigar a kan sabulu, in ya naɗe rigar zuwa kafaɗa sabulun ya bi ta. Akwai mai shigowa da ƙwarya an rufe da faifai, ta ajiye kusa da gwangwanaye, ta buɗe kamar tana neman wani abu a ciki. Akwai masu zuwa su biyu, su nuna ba su san juna ba: ɗaya ya nuna abin da yake can sama, sai ka juya baya ka hau kujera, ɗayan kuma yana nan inda batir yake. Wani ya sa a sauko masa da atamfa kala-kala, a tara a gabansa, ya yi ta juyawa har kai kanka ka manta turmi nawa ka sauko da shi. Wani kuma ya sayi ƙaramin abu da gaske, ya biya, ya yi godiya, sai a hanyar fita hannunsa ya shafi abin da ke rataye a ƙofa.

Yaya yana da maganin kowanne. Ƙananan kaya masu tsada suka koma bayan kanta. Atamfa ba a sauko da wata sai an mayar da ta farko. In zai hau sama sai ya kira ni in matso. Mai ƙwarya a karɓi ƙwaryarta cikin mutunci, a ce, "Inna, kawo in ajiye miki a nan kada ta kife." Ƙofar baya ya sa aka toshe.

Abu ɗaya ya fi nanatawa. "Ko ka gani da idonka, kada ka ce ɓarawo. Kalmar nan in ta fita ba ta dawowa, kuma ba kai za ka yanke abin da zai biyo baya ba. Ka matsa kusa da shi ka ce, Malam, wannan ma a naɗe maka? Zai ajiye."

Haka kuwa ake yi. Na faɗa wa dattawa, na faɗa wa samari masu agogo, na faɗa wa wani da muka yi makarantar allo tare. Sai su yi dariya, su ce af, mantuwa, su fito da abin su ajiye. Wasu ba sa sake zuwa, wasu gobe ma su zo mu gaisa. Ban ji tsanar kowa ba, ban ji tausayin kowa ba. Ina ganin hannu ya ɗauka, in yi magana, hannu ya ajiye.

Da ciniki ya buɗe, Yaya ya kama rumfa a kasuwar Gwaram. Ranar kasuwa mu ɗora dilolin yadi a babbar mota mu tafi, mu bar kantin a rufe. Rumfa ba kamar kanti ba ce, ba ta da ƙofa, ta ko'ina ana iya miƙo hannu. Kaya suna shimfiɗe a tabarma, mutanen Kwandiko da sauran ƙauyuka sun sayar da hatsi da gyaɗa suna son yadin sallah, kafaɗa na gogar kafaɗa.

Bayan azahar wasu mutum biyu suka zo. Na farko, mai hula zanna, ya zauna a gaban Yaya yana taya shadda, ya ce wannan ba ta yi ba, a ɗauko masa ta cikin dila ta baya. Na biyu siriri ne, ya manyanta, yana sanye da riga mai faɗi ruwan ƙasa. Ya tsuguna a gefen tabarma kamar yana gyara takalmi. Na ga hannunsa ya shiga ƙarƙashin atamfofin, ya zaro turmi ɗaya daga tsakiya, ba daga sama ba, ya tura cikin rigar. Daga baya aka ga aljihu ne babba aka ɗinka mata daga ciki.

Na san abin da zan faɗa. Amma ya riga ya miƙe zai shige cikin mutane, sai hannuna ya riga bakina. Na kama wuyan hannunsa na murɗe, yadda aka koya mana a bariki. Ya yi ƙara, ya sunkuya, atamfar ta zamo ta faɗi ƙasa a gaban kowa.

Mai sayar da takalma da ke rumfar kusa da mu shi ya ɗaga murya: "Ɓarawo! Ɓarawo!"

Mai hula zanna ban ga tashinsa ba. Kafin ka ce me, kasuwa ta juyo kanmu. Wani ya fara da mari, wani da takalmi, sai sanduna suka fito. Mutanen da ba su san abin da aka ɗauka ba, ba su san na waye ba, suna ture juna don su samu su kai hannu. Mutumin ya durƙusa, ya sa hannunsa ɗaya ya kare kansa. Ɗayan hannun yana wurina.

Ban sake shi ba. Ban kuma doke shi ba. Ina tsaye ina riƙe da shi, ina jin kowane duka yana bi ta ƙashin hannunsa yana iso tafina. Ina ganin bakuna suna buɗewa, ina ganin jini a kan atamfar, mai zanen ganye ce shuɗiya. Na tuna ina tunanin ba za ta sayu ba kuma. Iyakar abin da ya zo min a rai ke nan.

Yaya yana ta yi min ihu in sake shi, amma ta hagu yake, ban ji ba. Da ya ga haka sai ya tsallake kayan ya faɗa kan mutumin, ya rufe shi da jikinsa, yana cewa, "Kayana ne! Na yafe! Don Allah ku bari, kayana ne!" Sandar da wani ya riga ya ɗaga ta sauka a gefen fuskar Yaya. Sai da na ga hularsa a ƙasa sannan yatsuna suka buɗe.

Ganin an fasa wa mai kaya fuska ya sa mutane suka ja baya. Sarkin kasuwa ya iso da mutanensa, daga baya ɗan sanda ya zo, aka ja mutumin aka tafi da shi yana ɗingishi. Ba mabukaci ba ne da yunwa ta koro. Sana'arsa ke nan, kasuwa-kasuwa yake bi, an san shi a wurare da dama. Alƙali ya ɗaure shi, ban sake ganinsa ba.

Na naɗe wa Yaya kai da ƙyallen alawayyo, na ɗaure dilolin ni kaɗai, muka hau mota. Hanyar ba kwalta, duk ramin da aka faɗa sai ya cije leɓe. Mun yi nisa kafin ya yi magana.

"Ba ka ji ni ba ne?"

Na ce, "Ban ji ba, Yaya."

"To ba ka gani ba?"

"Na gani."

Ya juyo da idon da ke buɗe ya dube ni. "Me ya hana ka sake shi?"

Na duba cikina da gaske ko zan samo masa amsa. Na ce, "Ban sani ba."

Bai sake tambaya ba, a ranar ko bayanta.

Ya yi kwanaki a asibitin Birnin Kudu. Raunin ya warke, amma idon dama bai dawo ba, sai haske-haske kawai yake gani da shi. Matarsa ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da kyau ba, ban ga laifinta ba. Da ya fito ya kira kafinta, aka ɗaga kanta aka sa mata waya har sama, aka bar taga ta miƙa kaya. Mutane suka ce kantin ya koma gidan waya, wasu suka koma sayayya wurin da za su taɓa abu da hannunsu. Sata ta tsaya, ciniki ma ya ragu.

Gwaram kuwa ni kaɗai na ci gaba da zuwa. Mai takalman nan kullum sai ya tare ni da fara'a, ya nuna ni ga baƙi, ya ce wannan ne sojan da ya kama ɓarawo da hannu ɗaya. In ce masa ina kwana, in shimfiɗa tabarmata.

A kanti Yaya ya ci gaba da ciniki kamar da, sai abu ɗaya da ya gagare shi. In zai zuba wa mutum kananzir, sai ya zuba a gefen bakin kwalbar, ya malale a ƙasa, shi kuma yana ganin daidai ya saita. Ya gwada da mazurari, nan ma yana kuskurewa. Wata rana wata tsohuwa daga Surko tana tsaye da kwalbarta, ya riƙe galan ɗin ya daɗe bai karkata shi ba. Na taso daga benci na karɓa. Ya sakar min, ya koma wajen sukari. Tun daga ranar zuba kananzir ya zama aikina, har shekarar da muka sayar da kantin.