Tuwon Marasa Haƙora

Ranar wata Laraba ce cikin kaka, shekarar da na shiga aji uku na firamare, Umma ta goya mini ƙanena Abba tun rana ba ta yi zafi ba. Ta ja majanyi ta ɗaure, ta kwance ta sake ɗaurewa, kamar ba ita ta koya mini goyo ba. Baba yana ƙofar gida da kekensa, an ɗaura ƙullin gero da kwalbar rubutun yaye a baya. Umma ko zaure ba ta raka mu ba. Cewa kawai ta yi, “Binta, ki kula da shi,” ta shige ɗaki ta saki asabari. Abba kuwa yana ta jan kitsona yana gwaranci, bai san nonon da ya sha da safen nan shi ne na ƙarshe ba.

A Kiyawa a wancan lokaci yaro yakan doshi shekara biyu kafin a yaye shi. Abba bai kai ko kusa ba, tafiya ma bai fara ba, sai rarrafe da dafa bango. Umma ce ta samu ciki, manya kuma suka ce nonon mai ciki ba ya yi wa yaro, dole a raba su. Ni ba wanda ya gaya mini, a bakin mata masu sussuka na tsinci zancen. Abin da ya sa hankalin kowa ya tashi shi ne, Abba bai taɓa yarda da komai ba sai nono. Sa'anninsa suna shan koko, suna dangwalar miya a kwanon iyayensu, shi kuwa ko ɗiga masa aka yi sai ya furzar ya ɓare baki. Umma ga sanyin zuciya, da ya ɓata fuska sai ta ɗaga riga. Haka aka yi ta lallaɓawa har ranar ta zo, aka ce a kai shi ƙauye wurin Iya, mahaifiyar Umma, ni kuma in bi shi raino.

Gidan Iya ɗakuna biyu ne na ƙasa da rumbu ɗaya, an kewaye da zana, ga turken awaki a gefe, ga kaji suna shiga ko'ina kamar da su aka gina gidan. Ita kanta 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin baki, haƙoranta duk sun zube sai guda biyu da goro ya rina. Goron ma a magogi take goga shi kafin ta zuba a baki. Da yake sunan marigayi mijinta aka sa wa Abba, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Muna shiga ta tafa hannu ta ce, “Lale da Maigida! Ka zo hannu biyu-biyu, ko goro ba ka riƙo wa matarka ba?” Ya dube ta, ya dubi Baba da ke juya keke zai koma, ya fasa ihu.

Aikina ya zama na kunu. Da safe in jiƙa gero, in ya jiƙu mu niƙa a dutsen niƙa, Iya tana turawa ina zuba mata, in tace, in bar gasara ta kwanta. Iya ta dama koko, ta zuba rubutun da Baba ya kawo, Abba ya kawar da kai. Ta yi kunun gyaɗa da sabuwar gyaɗar da ko gama bushewa ba ta yi ba, ƙanshi ya cika gida, ya doke ludayin ya zube a zanenta. Ta tare wata Bafillatana ta sayi nono mai kyau ta dama fura salala, ya datse baki. Ruwa kaɗai yake karɓa, shi ma kurɓi ɗaya biyu. In kuka ya yi yawa sai in goya shi in fita bayan gari inda ake ƙwaƙular gyaɗa, yara suna carafke a ƙarƙashin bishiyar kuka suna kirana, ban iya zama ba, don da na tsaya sai ya fara shure-shure yana lalubar wuyan rigata.

Tun yana kuka da ƙarfi har muryar ta dushe, ya koma wani ɗan nishi. Goyon da na saba jin nauyinsa ya fara yi mini sakayau. Zaren da ke ƙugunsa, wanda dā yake nutsewa cikin tsoka, ya soma zamewa ƙasa. Idanunsa suka faɗa. Yarinya ce ni, amma na san yaran da aka kai yaye ba a dawo da su ba, na kuma san Umma ni ta ce wa in kula da shi. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Nakan sa kunnena a bayansa in yana barci in ji ko yana numfashi.

Maƙwabciyar Iya, wata dattijuwa da ake kira Gwaggo Delu, ita ce gwanar ɗura a ƙauyen. Yadda ake yi, a kwantar da yaro a cinya a danne ƙafafunsa, a tara tafin hannu a bakinsa a zuba kunu, a toshe masa hanci, in ya buɗe baki neman iska sai kunun ya wuce. Yara da yawa da haka aka raine su. Ta shigo da hantsi ta ga Abba kwance a tabarma, ta ce, “Haba Iya, miƙo mini shi nan in ɗura masa. Zuba ido za ki yi yunwa ta kashe wa mutane ɗa?” Iya ta ce, “An yi wa nawa, Delu, wan uwar yaran nan. A cinyar uwar mijina ya shaƙe. Ba a gidana ba.” Ban taɓa jin Umma tana da wa ba sai ranar. Gwaggo Delu ta fita tana salati, Iya kuma ta ce in bai ci komai ba zuwa gobe za ta aika Baba ya zo a kai shi asibiti Dutse.

Washegari Iya ba ta ce in jiƙa gero ba. Ɗumamen tuwonta ta yi, irin nata na marasa haƙora, wanda take cuɗawa da miyar kuka da ɗan man shanu har ya yi laushi ya kusa zama kunu. Ta zauna kusa da tabarmar Abba, ta ɗan ba shi baya, ta ajiye akushi tsakanin ƙafafunta. Ta riƙa ci tana tanɗe baki, tana lashe yatsu ɗaya bayan ɗaya, tana magana da kaji. “Wannan na manya ne. Maigida ya ƙi nawa, ni ma na hana shi.” Ashe tun jiya ta lura in tana cin abinci idonsa yana kan bakinta. Abba ya ɗaga kai, ya ja jiki da ƙyar ya matso. Iya ta janye akushin. Ya ƙara matsowa, ta ƙara janyewa. Ni haushi ya kama ni har na fara hawaye, na ce, “Iya, ki ba shi mana!” Ta watsa mini harara ta ce, “Rufe mini baki. Ɗan Adam ba ya son abin da aka bi shi da shi.”

Sai ta miƙe tana faɗan wata akuya da ba ta yi laifin komai ba, ta nufi turke, ta bar akushin a ƙasa. Abba ya dubi inda ta bi. Ya dafa bakin akushin, ya tsoma hannu gaba ɗaya, ya kai baki. Ya yamutsa fuska kamar zai yi kuka, ya tsaya, ya haɗiye. Ya sake tsomawa. Na buɗe baki zan yi ihu, na hango Iya a bayan akuya ta ɗora yatsa a leɓe, hawaye yana bin kumatunta. Sai da ya yi loma mai ɗan dama sannan ta dawo da gudu irin na tsofaffi, tana tafa hannu. “Jama'a ku kawo ɗauki, ɓarawo! Maigida ya zama ɓarawon tuwo!” Abba ya ƙyalƙyale da dariya, karo na farko tun zuwanmu, ya damƙi wani ya cusa a baki kafin a ƙwace.

Daga ranar komai sai ta hanyar sata yake shiga cikinsa. Kunun gyaɗar da ya ƙi, in Iya ta kurɓa ta ɓoye ludayi a bayanta, sai ya zagayo ya kama. Fura, faten wake, dafaffiyar kabewa, duk sai ta fara ci ta hana shi. Su biyun za su zauna a inuwar rumbu, ita haƙori biyu shi huɗu, suna mamular tuwo suna tsokanar juna. Gwaggo Delu ta leƙo ta gani ta ce lallai miji da mata sai Allah. Zaren ƙugunsa ya daina zamewa, goyo ya dawo yana sa ni haki.

Wata rana da la'asar Iya ta aike ni bayan gida in ɗebo kara. Ina zagayawa na ga mace tsaye jikin zana, ta kafa ido a wata 'yar kafa, ƙafafunta buɗu-buɗu. Umma ce. A ƙasa ta tako tun daga Kiyawa da cikinta. Al'ada ba ta yarda ɗan yaye ya ga uwarsa ba sai ya manta da nono, don haka ba ta yi sallama ba. A ciki Abba yana cinyar Iya, miya har goshi. Umma ta jawo ni ta yi ƙasa da murya ta ce, “Yana ci?” Na ce, “Yana ci, Umma, har sata yake yi.” Ta yi dariya ta toshe baki da gyale. Sai ta ce, “Yana nemana?” Ni kuwa da murnata, ina ganin albishir zan yi mata, na ce, “A'a, ya daina tuni.” Ta ce, “Alhamdu lillahi, haka ake so.” Ta ɗora hannu a ƙirji, na ga gaban rigarta ya jiƙe. Ta ba ni ƙullin dabino ta ce in ba Iya, ta ƙara leƙawa sau ɗaya, ta kama hanya don kada magariba ta same ta.

Yau Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Abba ya zama ƙato mai iyali, malmala biyu ba ta isarsa. Ni ina aure a Yalwawa cikin Dutse, inda ma'aikatan asibiti suke koya mana mu fara ba yaro kunu da ƙaramin cokali in ya yi wata shida, a haɗa da gyaɗa da waken suya, a bi shi a hankali. Gaskiya yaran yanzu sun fi mu samun sauƙi, ɗura ma ta ja baya. Sai dai babu wata tsohuwa da zan kai wa 'yata ta yi mata wasan sata a inuwar rumbu. A ɗakina na yaye ta, tana ganina ina ganinta. Ranar da na ɗauke ta ta ture ƙirjina ta miƙa hannu wajen kwano, na yi hamdala da ƙarfi, sannan na shiga ɗaki na zauna a bakin gado na kasa tashi. Ashe uwa ma yaye ta ake yi.