Karen Komisar

Ina sabon ɗan sanda a Yamai aka ba mu mulkin kai. Komisar ɗinmu, wato shugabanmu na 'yan sanda, wani Anasara mai jan wuya, ya tattara ya koma ƙasarsu, ya bar mana tebur da kujera da wani ƙaton kare. Karen nan ma'aikacin gwamnati ne, domin kullum ana yanka masa nama daga Babbar Kasuwa, mu kuwa sai ranar salla. Da yake ni ne ƙarami a komisariya, aka ce ni zan kula da shi.

Sabon komisar ɗan ƙasa ne, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, mai son jawabi. Ranar da ya kama aiki ya tara mu a fili ya ce, "Daga yau babu wanda zai sake hana baƙin mutum shiga ko'ina a ƙasar nan!" Muka tafa. Ya juya zai shiga biro, wato ofishinsa, karen ya miƙe a bakin ƙofa ya yage baki. Hana baƙin mutum shiga nan aka koya masa tun yana ɗan kwikwiyo, kuma babu wanda ya sanar da shi an samu 'yanci.

Komisar ya ja baya, ya dube ni. "Kai, gaya masa ko ni wane ne."

"Ranka ya daɗe, Faransanci kawai yake ji."

"To ni da me nake magana?"

Ya yi masa Faransanci mai kyau, irin na littafi. Karen ya ƙara haushi. Na gwada Hausa, wani ya gwada Zabarmanci, duk a banza. Ranar dai a gindin bishiyar bedi komisar ya yi aiki, yana cewa iska yake sha.

Kashe karen bai yiwu ba, tunda dukiyar gwamnati ce. Sai aka yi masa abin da ake yi wa duk ma'aikacin da ya gagara: canjin wurin aiki. Aka tura shi ƙauyen Tondibiya gadin bakin kogi, aka haɗa da ni.

Na tafi ina ƙunci, amma ban yi nadama ba. Babu ɓarawo a can, babu mai ba da oda. Karen ya saba da kan kifi, masunta suka koya mini tuƙa kwalekwale, kuma a gidan ɗayansu na samu matar da nake tare da ita har yau.