Ƙuri'ar Cima ta Rafin Gawo

A Rafin Gawo, wani ƙauye da ke maƙale a gindin dutse tsakanin Buza da Keita, in ka ce Cima ba sai ka haɗa da sunan uba ba. Doguwa ce, mai faɗin tafin hannu, in ta kira awakinta daga bakin rijiya har a ƙofar masallaci ana jin muryarta. Ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko. Tana budurwa aka kawo aikin gyaran ƙasa yankinsu, ita da sa'o'inta suka yi shekaru suna ɗaukar duwatsu a ka, suna jerawa a gangaren tsauni don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. A wurin wannan aiki ta koyi magana a gaban maza, don ta lura in mace ta yi shiru ranar rabon hatsi, mudunta ba ya cika.

Ta auri Alƙasim, mutum mai sanyin hali, wanda kamar yawancin mazan wannan yanki na Adar rabin rayuwarsa a Abijan ya yi ta. Da an kai gero rumbu sai ya ɗaure jaka, ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Cima ke riƙe gida, ita ke riƙe garkar albasa a fadama, da matan garin suka kafa ƙungiya kuma ita suka sa gaba ba tare da wata gardama ba.

Abin da ya tsaya mata a rai shekara da shekaru shi ne ƙoramar da ta raba garinsu da hanyar mota. Da rani yashi ne kawai, jaki ma tsallakewa yake yi. Da damina kuwa in ta kawo, sai garin ya zama kamar tsibiri. Albasar da mata suka adana a rudu, wato rumbun albasa, suna jiran ta yi daraja, a daidai lokacin ne babu motar da ke iya zuwa ɗauka, sai ta yi ta ruɓewa suna kallo. Mai naƙuda a amalanke ake kai ta bakin ruwa a zauna jiran ya janye. Kowa ya san maganin: radiye, wato shimfiɗar siminti da dutse da mota za ta bi ta kai ko da ruwa.

Ana cikin haka zaɓen gundumomi ya ƙarato. Wata safiya Gajere ya faka babur a ƙofar gidanta. Gajere ɗan siyasar yankin ne, ba jam'iyyar da bai taɓa sa hularta ba.

"Inna Cima, wurinki na taho," in ji shi bayan sun gaisa. "Doka ta ce sai da mata cikin 'yan takara. Mu ko ba macen ado muka so ba, wadda aka jin maganatta muka so."

"Ni da ko sunana ban iya rubutawa, mi za ni yi muku?"

"Konseye za ki zama, ki zamna majalisar gunduma, ki hwaɗi abin da ke damun mutanenku."

"Wa za ku ba magajin gari in kun ci?"

"Mushe Shafi'i."

Jin wannan suna ne ya sa ba ta kore shi ba. Mushe Shafi'i, wanda ake ce wa Mushe kamar duk malamin boko a can, tsohon shugaban lakwal ne da ya yi ritaya, shi ya koyar da 'yarta Mardiya, kuma ya taɓa kwana biyu a Rafin Gawo ba da niyya ba don ƙorama ta tare shi. Bayan 'yan kwanaki ya zo da kansa, suka tsaya a bakin yashin a gaban dattawan gari, ya ce in Allah ya ba shi kujerar, radiye ne aikinsa na fari. Cima ta ce ta yarda.

Ba ta yi kamfe irin na mota da lasifika ba. Da ƙafa ta bi ƙauyukan kwarin, gida gida, inda ake daka ta karɓi taɓarya, inda ake suna ta zauna a ci tuwo da ita. Ko'ina magana ɗaya take yi: ku sa wa Mushe Shafi'i, ni na tsaya masa. Aminiyarta A'i, wadda suka ɗauki dutse tare tun suna 'yan mata, ta ce mata, "Mu ba jam'iyya munka sani ba, Cima. Ke munka sani." Ranar zaɓe layin mata ya fi na maza tsawo nesa ba kusa ba. Jam'iyyar ta samu rinjaye, Cima ta zama konseye, aka yi guɗa har muryoyi suka dushe.

Mutanen ƙauye sun ɗauka an gama, Mushe ya zama magajin gari. Ita kanta Cima sai daga baya ta fahimci cewa jama'a konseye kawai suke zaɓa, su kuma konseye su taru su fitar da magajin gari daga cikinsu. Aka yi ta ɗaga ranar zaman, sanyi ya wuce, bazara ta shigo da zafinta, albasa ta nuna.

Tana tsakiyar cirar albasa, rabi a ƙasa rabi a shanye, sai ga Gajere, wannan karo a mota mai sanyi. Ya ce taro ne na gaggawa a Madawa, kafin la'asar an dawo da ita. Ta dubi Mardiya, wadda cikinta ya tsufa, ta dubi albasar da ke kwance a rana. Alƙasim yana Abijan. Ta ce wa 'yar ta lulluɓe abin da ta iya da ganye, ta yafa gyale ta shiga mota ko hannu ba ta wanke sosai ba.

Ba ofis aka kai su ba. Wani babban gida ne a bayan gari, mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, da ƙato zaune a bakinta. Duk konseye na jam'iyyar suna ciki. Gajere ya bi su da kwano yana karɓar salula.

"Don mi?" in ji Cima.

"Don kar 'yan adawa su kira wani su juya mishi kai. Nan za ku zamna har ranar zaɓen magajin gari."

"Ka ce mini la'asar."

"In na hwaɗa miki gaskiya da kin taho?"

Ta nufi ƙofa, ƙaton ya miƙe ya ba ta haƙuri cikin ladabi, amma bai buɗe ba. Ko ya buɗe ma ba ta san unguwar ba, ba ta kuma zo da kuɗin mota ba. Haka aka ajiye su kamar tumakin layya. Ana kawo shinkafa da nama safe da yamma, da lemo mai ƙanƙara, maza suna karta a ƙarƙashin rumfa. Cima kuwa in ta ɗaga kai ta ga yadda rana ke dukan katangar, albasarta take gani tana dahuwa. Ta roƙi Gajere ya bar ta ta ji muryar Mardiya, ya kira da tasa wayar, ya tsaya a kanta har ta gama. Mardiya ta ce lafiya lau, amma muryarta ba ta lafiya lau ba ce.

Ana gobe zaɓe wani babba a jam'iyyar ya iso daga Yamai. Aka tara su a falo. Ya yi dogon jawabi, rabi Hausa rabi Faransanci, kafin ya kai ga abin da ya kawo shi. Uwar jam'iyya ta duba, ta ga wanda ya dace da kujerar shi ne Walid. Walid matashi ne ɗan wani attajiri, ya yi karatu mai zurfi, sunansa na cikin 'yan takara amma Cima ba ta taɓa ganinsa a kamfe ba. Motocin ubansa dai ta gani. Mushe Shafi'i, in ji baƙon, zai zama mataimaki.

 Cima ta jira wani namiji ya yi magana, ba wanda ya yi. Ta miƙe.

"Ranka shi daɗe, ni dai ban tahi gidan kowa da sunan yaron ga ba. Da sunan Mushe na tahi. Mi za ni ce ma matan da sunka tsaya rana saboda ni?"

Baƙon ya yi murmushi, ya ce Hajiya ta yi magana mai kyau, za a duba. Aka fito da Alƙur'ani aka ce kowa ya dafa ya rantse cewa Walid zai sa wa. Da aka zo kanta ta naɗe hannuwa cikin gyale. Ta ce ba ta rantsuwa a kan abin da zuciyarta ba ta yarda da shi ba. Gajere ya yi ta yi mata ido, ba ta ko dube shi ba.

Da aka watse ta iske Mushe Shafi'i a gefen rumfa yana jan carbi.

"Mushe, ka ji abin da anka ce, ka yi shiru."

"Cima, siyasa ba lakwal ba ce. In na ja da su, ko mataimakin ba ni samu. Gara ina ciki, ko ba komi na yi muku wani abu."

"Kai ka tsaya bakin yashi gaban dattawa."

"Na sani," ya ce, bai ɗago kai ba.

Washegari aka kwashe su a motoci zuwa hedikwatar gunduma. Zauren ya cika, jandarmomi a ƙofa, jama'a a waje suna leƙe ta taga. Wakilin hukuma ya tambayi 'yan takara. Aka ambaci Walid, 'yan adawa suka ambaci nasu. Ya ce ko akwai wani? Cima ta ɗaga hannu ta ce ita ta tsayar da Mushe Shafi'i. A waje aka ɗauki sowa. Na ɗan lokaci ta ji kamar abin zai yiwu, don ta ga wasu konseye suna duban juna. Sai Mushe ya miƙe a hankali, ya gyara hula, ya ce ya gode wa 'yar'uwarsa, amma shi ba ya takara, yana bayan ɗan takarar jam'iyyarsa.

Cima ta ji kunya ta lulluɓe ta kamar ita ta yi laifin. Da aka kira sunanta ta shiga bayan labule, ta fito ta jefa ambulan ba komai a ciki. Walid ya ci ba tare da ita ba.

A gida ta tarar Mardiya ta haihu tun shekaranjiya, A'i ce ta karɓi haihuwar. Matan ƙungiya sun kwashe mata albasa, amma wadda ta daɗe a rana ta yi laushi, sai zubarwa. Wannan bai ƙona mata rai kamar yadda matan suka gaishe ta ba, a tsaitsaye, ba mai haɗa ido da ita. A'i ce kawai ta fito fili.

"Mun ji a rediyo. Cewa anka yi an kai ku gidan sanyi an cika muku ciki."

"Ni ban sa mishi ba, A'i."

"Na yarda. Amma wa ya gani?"

Ba wanda ya gani. Wannan tambaya ta bi Cima tsawon zamanta a majalisa. Ba ta taɓa fashin zama ba, ko da za ta hau kabu-kabu ta sha ƙura. Yawancin takardu da Faransanci ake karanta su, sai an gama a taƙaita mata a baki biyu. Duk da haka kowane zama sai ta miƙe ta yi maganar ƙorama, har ma'aikata suka laƙaba mata Madam Radiye, suna dariya tun kafin ta buɗe baki. Walid ba mugun yaro ba ne, yana durƙusawa ya gaishe ta, yana kiranta Inna, sai dai Yamai ta fi ganinsa. Sau ɗaya ya turo masu awo, suka kafa turaku masu jan fenti a bakin yashin, gari ya ɗauki murna. Ruwan farko ya tafi da turakun. In ta tambaya a ce ana jiran abokan tallafi, in ta sake tambaya a ce sai baɗi.

Kafin wa'adinsu ya cika mulki ya canja a ƙasar, daga baya aka rushe majalisun gundumomi gaba ɗaya. Cima a bakin wani mai sayen akuya ta ji labarin. Alƙasim, wanda tsufa ya fara zaunar da shi gida, ya ce to ai ta huta. 

Bara ta haɗu da Mushe Shafi'i a kasuwar Madawa, ya rame, yana dogara sanda. Shi ya fara ganinta. Ya ja ta gefen wata rumfa, ya daɗe yana zagaye-zagaye kafin ya ce ta yafe masa.

"Ni tawa mai sauƙi ce, Mushe, na yahe," ta ce. "Amma akwai mata kwarin ga da har yau in na shiga suna sai su sake magana. Ka taho ka tsaya gabansu ka hwaɗa musu yadda anka yi a zauren nan. Daga bakinka za su yarda."

Ya ce wallahi zai zo, da zarar ƙafar ta yi sauƙi. Ta kwatanta masa ranar da ƙungiya ke zama, ta ce ko a amalanke ne za ta aika a ɗauko shi daga bakin hanya. Ta koma gida ta gaya wa A'i, A'i ta ce Allah ya kawo shi. Sun share gindin bishiyar da suke taro sau biyu saboda shi. Har yanzu bai zo ba.