Burodin Tsaraba

Akwai gidan burodi a bayan layinmu. Da hantsi, idan suka fito da na farko daga wuta, ƙamshin yakan tsallako katanga ya same ni a tsakar gida ina tsintar wake. Jikokina su hau haɗiyar miyau, ni kuwa sai in tuna Baba. Rabona da sa burodi a baki an doshi shekara hamsin. Kada ka ce za ka ji tausayina, mai karatu, don idan aka ɗora mu a sikeli ba lallai ka rinjaye ni ba.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, can Ƙanƙara. Wanda ya tashi a wancan zamanin ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta kiran sunana, ba ta goya ni a gaban mutane, idan na faɗi sai ta jira wata ta ɗaga ni. Baba kuwa ya fi ta kunya. A bakinsa ni ce "waccan". Idan zai aike ni sai ya faɗa wa bango, ni kuma in ji in tashi. Ban ɗauki wannan ƙiyayya ba, don duk 'yan fari na unguwarmu haka ake yi musu. Sai dai yaro yaro ne, yana son ya ga alama.

Alamar ta zo a shekarun da kuɗin mai ya shigo ƙasa. Maza suka riƙa jingine fartanya suna bin kwalta. Baba ya bar gonarsa a hannun ƙaninsa, ya zama direban babbar mota, yana Funtuwa yana Kaduna. Gidanmu ya sami rufin kwano da rediyo da fitilar ƙwai. Kuma duk ranar da ya dawo, sai ya shigo da burodi biyu a hammata. Babban na gida ne. Ƙaramin, mai ruwan ɗorawa da laushi kamar auduga, sai ya ajiye a bakin tabarma, ya kau da kai, ya ce, "A ba waccan."

Ba ka san yadda nake ji ba a wannan lokacin. Nakan rungume shi in koma bayan rumbu, in fara shinshinawa kafin in gutsura. Ƙannena suna da cinyar Baba, suna da wasa da gemunsa, ni ina da burodi nawa ni kaɗai. Har yau ina ganin ni na fi su riba.

Ina wajen shekara bakwai ciwo ya fara. Zawo ba dare ba rana, ciki ya kumbura ya yi tauri, ƙafafu suka zama kamar sillen kara. Gashina ya yi ja, tafin hannuna ya yi fari fat. Aka ce shawara ce, aka jiƙa sassaƙe. Aka ce tsutsar ciki ce, malamin asibiti ya ba da magani mai ɗaci. Na sha rubutu har na san ɗanɗanon allon kowane malami a unguwa. Inna ta duba ta ga tuwon dawa ya yi wa mara lafiya nauyi, sai ta ɗauke mini shi. Me ya fi dacewa da ɗan ciki mai rauni? Shayi da madarar gwangwani, da burodi a tsoma. Idan na ƙi ci, a murza mini taliya, ko a soya finkaso. Baba da ya ga ina ƙara zubewa, sai ya mayar da burodina biyu. Rashin sani ya fi dare duhu, kowa a gidan nan iya ƙoƙarinsa yake yi.

Ana gab da shuka sai ga Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo daga Mabai a kan jakin maƙwabcinta. 'Yar tsohuwa ce siririya mai bakin magana, ba ta ganin abu ta yi shiru. Ta ɗaga rigata ta dubi haƙarƙarina, ta dubi Inna.

"Yarinyar ga in an bar ta nan ba ta ganin kakar bana," in ji ta. "Ku ɗaure mani kayanta."

Ba wanda ya yi musu. Dama 'yar fari ta kakanni ce.

Damina a Mabai ita ce lokacin da na fi so a duk ƙuruciyata. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, tafasa da rama suka fito a bayan gida ba wanda ya shuka su. Gidan Kaka ba shayi ba sukari. Da safe kunun tsamiya ne, da rana fura da nonon da matan Fulani ke kawowa, da yamma tuwon dawa miyar kuka da daddawa mai yawa. Ran da ta ji daɗi ta yi ɗanwake da garin rogo, ta kwarara masa man gyaɗa. Da farko nakan zauna a ƙofar ɗaki ina kallon hanya, ina kukan burodi. Kaka ta ce, "Soson ga kike ma kuka? Abin da in ka matsa shi a hannu ba ya kai lomar tuwo?" Hanyar garin kuwa da damina ko keke sai an ɗauka a ka, balle babbar mota. Wata huɗu Baba bai iya shigowa ba.

Sati uku zawo ya tsaya. Kafin masara ta yi goyo na fara bin yara rafi. Lokacin da aka fara gasa ta kuwa ina cinye uku a zaune, kumatuna suka ciko, har zanen da na zo da shi ya daina zagaye ni sau biyu. Kaka ta ce jiƙon da take ba ni ne. Matan gari suka ce ruwan rijiyarsu ne, dama sun daɗe suna faɗa.

Da aka yanke gero hanya ta bushe, sai muka ji ƙugin mota a bakin gari. Baba ya shigo, ya gan ni ina daka a ƙaramin turmi, ya tsaya cak. Sai na ga haƙoransa duka. Ya durƙusa ya gaida Kaka, sannan ya ajiye burodi har uku a bakin tabarma. Na ci na murna, na ci na ramuwa. Kwana biyu ciki ya murɗa, na koma gidan jiya.

Kaka ba ta yi boko ba, amma tana da ido. Da Baba ya dawo duba ni, ta tare shi a zaure, ni ina kwance ina ji.

"Wata huɗu tana cin abin da nike ci, lahiya lau. Ka kawo abin ga, ta kwanta. Kai ba ka gani ba?"

"Haba Inna," in ji Baba, don haka yake kiranta. "Burodi fa? Abin da ake ba marasa lahiya a asibiti?"

"To tahi da ita asibitin, su faɗa maka da bakinsu."

Ransa ya sosu, na ji a muryarsa. Ni ma haushin Kaka na ji, don a ganina so take ta raba ni da abu ɗaya da nake da shi. Amma washegari ya sa ni a gaban mota, muka biya Ƙanƙara muka ɗauki Inna, muka nufi Zariya.

Mun yi kusan wata a babban asibiti, Inna tana jinyata. Likitan wani mai haƙuri ne, ya fi yawan tambaya a kan allura. Me take ci a gida? Me take ci a ƙauye? Ya sa aka ɗebi jini, aka yi gwaje-gwajen da ban fahimta ba, ya hana a ba ni komai sai shinkafa da kunun gero da nama da ayaba. Na miƙe. Ranar sallama likitan ya zaunar da Baba ya ce hanjina ne ba ya shiri da alkama. Akwai wani abu a cikinta da ke goge cikin hanjin, har abinci ya riƙa wucewa bai amfani jiki ba. Ba maganin sha, ba na allura. Maganin kawai a bar alkama da duk abin da aka yi da fulawa, har iyakar rai.

Baba ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Ya ce, "Har burodi, likita?"

"Shi ne ma kan gaba, Malam."

Muka kamo hanyar gida. A tashar Funtuwa masu tallar burodi suka yanyame motar kamar yadda suka saba, don sun san shi, suna ta miƙo masa ta taga. Ya ɗaga musu hannu kawai ya ja mota. Sai da muka kai Mairuwa ya gangara gefen titi ya kashe inji. Inna tana kallon waje. Ya juyo ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Da hannuna na riƙa ba ki," ya ce. Sannan ya ce, "To yanzu me kike so in riƙa kawo maki?"

Ban taɓa jin ya tambaye ni komai ba. Na rikice, na waiwaya, idona ya faɗa kan wani mutum da tulin rake a gindin bishiya. Na ce, "Rake." Ya sauka da kansa, ya zaɓi mai kauri, ya fere, ya yayyanka ya zuba mini a cinya.

Daga nan gidanmu ya sake tsari. Inna ta ware mini tukunya da rariya da muciya. Da ta lura garin da aka kai inji yana tayar mini da ciwo, saboda ana niƙa alkama a wurin, sai ta koma turmi da dutsen niƙa saboda ni, ita da ba ta iya kiran sunana. Ranar salla ƙannena suna cin cincin da alkaki, ni ina da nakiya da dakuwa, kuma sau da yawa nawa suke roƙo. Kaka ta rayu shekara goma bayan haka, ba ta taɓa barin Baba ya manta wa ya riga likita gani ba.

Da aure ya kai ni Sabuwa na sha surutu. A gidan biki in ƙi taliya, a ce amarya tana da iyayi. Na koyi cewa "cikina ne ba ya so" in yi dariya in wuce, kuma na koyi tafiya da ƙullin furata a jaka. Yanzu ciwon har suna gare shi a bakin mutane, siliyak. 'Yata ma'aikaciyar jinya ce, ita ke karanta mini bayan kwalin kowane abu kafin ya shiga tukunyata, har dunƙulen miya. Kwanaki ta kawo mini wani gari a leda mai kyalli daga babban kanti, wai na masu irin ciwona ne. Na buɗe na shinshina, ashe gero ne. Na yi dariya har da hawaye, na ce ina ma Kaka tana nan.

Baba ya yi shekara ashirin da wani abu yana tuƙi bayan wannan tafiya, kuma bai taɓa dawowa ba rake ba. Ko bayan na yi aure, sai ya aiko da shi Sabuwa a ɗaure da igiya. Gaskiyar magana, ban taɓa son rake ba. Yana sa mini ciwon muƙamuƙi, ɓawonsa yana yanka mini leɓe. Amma na sha kowace gaɓa, kuma har Allah ya karɓi abinsa ban faɗa masa ba.