Cokalin Baba Ilu

Ina tsaye a ƙofar ɗakin kaji da safen nan aka bugo waya: Baba Ilu ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shi nake jira fa.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Ilu tsohon ma'aikacin gidan kaji ne a Makarfi. Yana saurayi ya fara aikin, a farkon samun 'yancin kai. Masu kiwon kajin burola daga Kudan har Ikara, da wuya ka sami wanda bai taɓa duba wa kaji ba.

Shekaranjiya kajina suka fara kwanciya, ƙarƙashin fiffike ya kumbura. Na aika aka ɗauko shi. Ya ɗaga guda ya shafa, ya ce sinadarin seleniyam ne ya yi musu ƙaranci a abinci, a sayo garinsa. Ni da garajena, kafin ya idar da la'asar na sayo na zazzage garin a buhun abinci biyu. Na ɗauka yawansa ne zai tashe su.

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"'Yar nan, abin nan kaɗan magani ne, da yawa guba. Kada ki ba su buhunan nan. Jibi zan zo da cokalina."

Ɗan cokali ne da yake awo da shi tun wancan zamanin. Yakan cika shi ya shafe bakin cokalin da tsinke, ya cuɗa a tafin dusa, ya juye a kwano, sannan buhu. Mukan tsokane shi wai ko jariri ba a yi wa wannan awo.

Yau ce jibin. Sauran abincin ya ƙare tun jiya, kaji na ta kuka, wasu ba sa tashi, ga buhunan nan biyu a jingine. Wallahi har na kwance bakin ɗaya. Na tuna fuskarsa na mayar na ɗaure.

Da na je gaisuwa, Iya matarsa ta miƙo mini ƙullin takarda. A aljihun rigar da ya ware zai sa yau ta same shi. Cokalin ne, da awon a rubuce da ajami, da sunana a sama.

Na sayo sabon abinci da wani garin na haɗa yadda ya rubuta, ina kuka. Ban san nawa za su tashi ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Iya haƙuri. Don Allah kada ku wuce ba ku yi masa addu'a ba.